Waken da Yaya Ta Zubar

Arlit, farkon Yuli

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya damina, ya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ga iyalina nan na sa su a kar ɗin fasinja, Siti da Fatahu da Hafsatu. Rabi'u direba zai sauke su har ƙofar gidanki, shi ne kuma zai miƙa miki takardar nan, tunda kin ce maganar waya ba ta zama a kanki.

Kin san yadda Arlit ta koma. Tun da aka rufe ma'adinin Akokan nake ɗan jan kamyon wani, yau akwai lodi, gobe babu. Muka sa rai da ma'adinin Imouraren, bara wannan ma ya tsaya. Komai na garin nan sai ya hau mota ya sha hanya kafin ya iso bakinmu, tumatir, gero, har itacen girki. Ni dai na gaji da ganin yara suna rage loma don su bar wa juna.

Siti ba ta so tashi ba. Ta ce ta bar ƙasarsu ta Jawa ta tafi Jidda aikatau, ta bar Jidda ta biyo ni Arlit, yanzu da ta saba da maƙwabta zan sake tuge ta. Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa na yi mata alkawari ba zan saki ɗakinmu na haya ba sai ƙarshen damina. In Maraɗi ta karɓe ta, in sayar da tarkace in biyo ku. In ba ta karɓe ta ba, su dawo. Abin da za mu ci in sun dawo kuwa, wallahi ban sani ba.

Roƙona ɗaya ne, cikinta. Tana cin tuwo, amma cin kunya. In akwai inda ake sayar da wani abu na ƙasarsu a Maraɗi, ki taimaka ki nemo mata.

Ki gaida mutanen gida duka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Halidu

Maraɗi, tsakiyar Yuli

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ruwa kuwa alhamdulillahi, har ya ishe mu.

Iyalinka sun iso lafiya. Wannan Hafsatu da ka aiko mini, wuya kamar maburgi! Bar ni da ita. Yanzu kullum da gasasshiyar masara a hannunta, Fatahu kuma ya gano bishiyar gwaibar maƙwabta, Allah ya kyauta.

Ka ba ni aiki, Auta. Na ja ƙafar nan tawa na shiga kasuwa ina tambayar abincin Jawa. Wani ya nuna mini butik ɗin wani Ba'indiye, na je na tarar magani yake sayarwa. Wani ya ce in je wajen 'yan Sin masu aikin hanya, na ce in je in ce musu me? A ƙarshe wani mai tebur ya miƙo mini indomi, wai daga ƙasarsu aka faro ta. Na kawo gida da murnata, matarka ta yi dariya har da riƙe ciki. Abin da ya ba ni mamaki awarata ce. Da safe ina tatar wake ta zo ta tsuguna, ta karɓi matacin a hannuna, ta shiga aiki kamar a gidan nan aka haife ta. Wai su ma suna yi can. To ashe abincin Jawa a gindin murhuna yake, ni ina can ina yawon kasuwa.

Amma fa akwai magana. Shekaranjiya sun fita gaida dangi, na shiga ɗakinsu in share. A ƙarƙashin gado na tarar da kwano an lulluɓe shi da zane. Na buɗe, dafaffen wake ne ya yi fumfuna, fari fat, har ɗumi yake yi. Haba! A ɗakin da yara ke kwana? Ni da na tsufa ina daddawa, na san ruɓar ci, na san ruɓar zubarwa. Na juye shi a masai, na wanke kwanon da toka tas, na kife a rana. Ban ce mata komai ba don kada ta ji kunya.

Tun ranar ba ta sake fitowa tatar awara ba. Ta ga kwanon, ta ɗauka, ta shige ɗaki. Na kai mata fura ta ce ta ƙoshi. Ko ciki gare ta? Ko kai ne ka faɗa mata wata magana a waya? Na san halinka.

Allah ya buɗa maka. Ka ci abinci.

Yayarka,
Zinariya

Arlit, ƙarshen Yuli

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da ɗawainiyar yara, Allah ya saka da alheri.

Yaya, da na karanta takardarki sai da na nemi wuri na zauna. Ba ciki gare ta ba, ni ma ban faɗa mata komai ba. Wannan wake ba ruɓewa ya yi ba. Tempe sunansa, abincinsu ne. Fumfunar ce ke ɗinke waken ya zama dunƙule, a yanka a soya. Da iri ake yin sa, kamar yadda ake barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don ya kama sabo.

Irin nata uwarta ce ta ba ta ranar da za ta bar gida. Duk sanda ta yi, sai ta bar yanki ɗaya ya tsufa, ta shanya, ta daka, ta ajiye na gaba. Haka ta yi a Jidda. Haka ta yi nan Arlit, inda in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Buhu take jiƙawa ta rufe kwanon, ta sa shi gindin randa, ta riƙa zuwa tana taɓawa kamar mai jinya. Akwai shekarar da famfon unguwarmu ya ɗauke, ruwan wankanta ta riƙa ragewa saboda buhun nan. Waken ma sai na roƙi direbobin kudu suke zo mata da shi.

Uwar ta rasu muna nan, ba mu samu halin zuwa ba. Babu hoto, babu zane, sai irin nan. Da za su taso ta ji tsoro kada zafin hanya ya raunana shi, shi ya sa suna isa ta juye duk abin da ya rage a kwano ɗaya. Da na rubuta miki tun farko, da ba a yi haka ba.

Ta kira ni. Ba ta ambace ki da mugun abu ba ko kaɗan. Cewa kawai ta yi kada in saki ɗaki, tana so ta dawo wajen Marie maƙwabciyarmu da waɗanda suka san ta. Na ce to. Jiya na fasa sayar da gado, mai saye har ya zo da amalanke. Marie ɗin ma mijinta na shirin mayar da su Damagaram, amma ban iya faɗa mata ba. Layinmu yanzu gida biyu da mutane, na uku a kulle.

Don Allah kada ki matsa mata da ban haƙuri, kunya za ta ji. Ki bar ta ta huce.

Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Halidu

Maraɗi, ƙarshen Agusta

Auta,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, na rasa ta inda zan fara ne.

Kai ma dai da baki kamar an ɗinke. Ka cika mini takarda da tumatir da itace, ka bar wannan? To, ni na zubar, hannuna ne.

Ka ce kada in ba ta haƙuri, ban ji maganarka ba. Na shiga ɗakin na zauna a ƙasa, na ce, “Maman Fatahu, na kashe miki abu, ban san mai rai ba ne.” Ta ce, “Ba komai, Yaya.” Na ce, “Da komai.” Sai ta fashe da kuka, ni ma na fashe, har tuwona ya kama a tukunya.

Da muka natsu na ce akwai wata Hajiya a layinmu mai safarar Jidda, in sa ta sayo iri wajen mutanenku? Ta ce ana sayarwa a leda, amma wannan na kanti ne, ba shi ta rasa ba. Can sai ta ce kakarta ba ta taɓa sayen iri ba, a ganye take kama shi, ganyen ayaba wanda ba a wanke ba, in akwai laima a gari. Ta ce a Arlit ina ganyen ayaba, ina laima? Na ce yarinya, nan ko takalmi kika ajiye da damina sai ya yi gemu.

Washegari muka hau adaidaita zuwa lambun Jiratawa. Mai lambu ya ga tsohuwa da baƙuwa suna roƙon ganye ba ayaba ba, ya ba mu yana girgiza kai. Muka dafa wake, muka naɗe. Na farko ya yi yauƙi. Na biyu ya yi baƙi, ya yi warin da kaji ma suka ƙi. Sai ta ce wai daddawata ce ke cinye shi, ba su zama gida ɗaya. Ni! Daddawar da na aurar da 'ya'ya da ita! Ranar ban ƙara yi mata magana ba. Da gari ya waye na kwashe tukwanena na kai gidan Kande ƙawata, can nake zuwa yi yanzu, da ƙafar nan tawa.

Ga wani nan mun sake naɗewa, yana ƙarƙashin gado. Ba na shiga ɗakin, tsintsiya ma na hana ta shiga. Ban san abin da zai fito ba, in ma ya fito ban san ko zai tsayar da ita ba, don jakarta har yau a ɗaure take. Kada ka sayar da komai tukuna. Amma in faɗa maka gaskiya, Auta, in matar nan ta tafi zan ji ciwo, kuma ba don kai ba.

Ka yi mana addu'a. Allah ya tsare.

Yayarka,
Zinariya

Maraɗi, Satumba

Baban Fatahu,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da Hausana, ban so Yaya ya rubuta mini wannan.

Ya fito fari. Na soya jiya. Ba irin na uwata ba ne, wannan da ɗan ɗaci, ƙamshi ma daban. Na ci, na yi kuka, na ƙara ci. Na uwata ya tafi. Na sani yanzu, ko na koma Arlit, ba shi can.

Yaya ya ɗauki yanki ɗaya, ya rufe ido, ya yi bismilla da ƙarfi kamar mai shan magani. Ya daɗe yana tauna. Ya ce da yaji zai fi. Ya ɗauki na biyu.

Na bar yanki ya tsufa, na shanya. Hafsatu ne ya daka, ni na riƙe mata turmi.

Ka gaida Marie, ka ce ta yafe ni. Ka saki ɗaki, ka zo.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Siti