Baba Ya Ƙi Yarda a Yi Masa Aiki

Unguwar Kusfa,
Birnin Zariya.
4 ga Maris, 1991.

Zuwa ga Yaya Mustapha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Yaya Mariyamu da yara, da fatan ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya kai mu azumi da rai da imani. Mu nan sai godiya. Sailuba ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Adama. Jamilatu ta shiga aji uku. Maigidana yana gaishe ka ƙwarai.

Yaya, sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa, domin Baba ya hana a sanar da kai, ni kuwa ban taɓa saɓa masa ba sai yau. Ka tuna da ka zo Babbar Sallah yana cewa kugunsa na riƙewa? Bayan tafiyarka ciwon ya gangaro ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya har yatsun ƙafa. Ya ce ji yake kamar an zura masa waya mai zafi. In zai yi atishawa sai ya dafa bango. Wanzami ya yi masa ƙaho, maɗori ya duba ya ce shi bai ga karaya ko targaɗe ba, a asibiti kuma aka yi allurai aka ba da ƙwayoyi. Sai ya lafa kwana biyu ya dawo.

A nan ne wani abokin aikin maigidana ya ba mu labarin Dakta Dogara a Kaduna, mutumin kudancin Zariya, wanda ya koyo gyaran ƙashin baya da hannu a ƙasar waje. Ba ya allura, ba ya yanka. Ni da maigidana muka kai Baba. Wallahi ban taɓa ganin an duba mara lafiya da natsuwa haka ba. Ya sa shi ya taka da dunduniya, ya taka da yatsu. Ya kwantar da shi ya ɗaga ƙafar a miƙe, ba ta yi nisa ba Baba ya yi salati. Ya ƙwanƙwasa gwiwa da idon sawu da 'yar guduma, ya tsikari tafin ƙafar da tsinke yana tambayar inda yake ji, sannan ya tura mu ɗaukar hoto. Ya bayyana mana cewa a tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani guringuntsi mai taushi, na Baba ya ɓullo gefe yana danne babbar jijiyar da ta sauka ƙafa. Wato ciwon a baya yake, ƙafar ihu kawai take yi.

Sati shida muna zuwa, Talata da Asabar. Yakan kwantar da shi ta gefe, ya lanƙwasa ƙafar, ya danna kugun har ka ji ƙas. Ya koya masa motsa jiki, ya hana shi ɗaukar nauyi da daɗewa a zaune harɗe da ƙafa. Wannan ta ƙarshe ce ta zama rigima, don Baba ya ce shekara arba'in yana ba da karatu a kan buzu, ba zai hau kujera ya bar littattafai da dattawa a ƙasa ba. Duk da haka aka sami sauƙi sosai. Ya koma jan salla biyar a masallacin unguwa, yana ruku'u ba tare da cije leɓe ba. Har Inna ta yi waina ta raba sadaka.

Sai Allah Ya yi wa Malam Jumare rasuwa, amininsa tun suna yara. Baba ya kama makara, kuma da aka isa kushewa ya ce shi zai shiga ya kwantar da shi, haka suka yi alkawari. Babu wanda ya iya hana shi. Ya sunkuya da gawar, ya kasa miƙewa, mutum uku suka ciro shi. Tun ranar ƙafar take ja da ƙasa. Takalminsa yakan zame a hanya, sai an biyo shi da shi, bai ma san ya fita ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan Asuba, ya juyo ya shaida wa jama'a cewa mai tsaye ba ya bin mai zaune, don haka ɗalibinsa Malam Aƙilu zai ci gaba da limanci. An ce har dattawa sun yi hawaye. Shi bai yi ba, ya dawo gida ya ƙi karyawa.

Abin da ya rage ina jin nauyin rubuta shi, ka gafarce ni. Tun farko Dakta Dogara ya ja mana kunne cewa in har fitsari ya fara kufce masa, ko wajen zamansa ya mutu ba ya ji, to kada mu kwana. Ashe ya fi sati Baba yana ɓoyewa. Inna ce ta gane wajen wanki, ta kira ni ɗaki tana kuka. Mutumin da kullum cikin alwala yake, Yaya. Yanzu ko masallacin ya daina zuwa, a ɗaki yake salla, ya sa an saki labulen.

Da maigidana ya kai labari Kaduna, Dakta Dogara da kansa ya zo har gida. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa gaban Baba, ya sake duba shi, sannan ya ce ba zai ƙara danna bayan nan ba, abin ya wuce aikin hannunsa, in ya ci gaba cuta zai yi masa. Ya rubuta takarda zuwa ga likitan tiyata, ya ce kwanaki ake ƙirgawa ba makonni ba. Bai ɓoye mana ba cewa ko an yi aikin, ƙafar ba lallai ta dawo yadda take ba, amma in ba a yi ba abin da ya tafi ya tafi ke nan. Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya ce shi shekararsa saba'in da ɗaya, ba za a tuɓe shi gaban 'ya'yan mutane a sa masa roba ba, a bar shi ya gamu da Ubangijinsa da suturarsa. Yau kwana tara ke nan. Takardar tana ƙarƙashin matashinsa.

Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi, Kawu Nasidi ya zo ya kawo masa ayoyi da hadisai a kan neman magani, Baba ya ƙarasa masa su da ka, ya ce ya sani. Ni dai na rasa ta inda zan ɓullo. A makaranta sai in tsaya gaban allo in manta abin da nake koyarwa. Kai kaɗai ka rage, mai sunan mahaifinsa, wanda bai taɓa iya musa wa ba. Ban sani ba ko kai ma zai ji taka, ban ma sani ba ko lokacin bai riga ya wuce ba. Shi ya sa ban sa ta a gidan waya ba, na ba Bahago direba da zai kai albasa can gobe. Don Allah ranar da ta iso ka ka nemi izini ka taso.

Jiya da hantsi ya sa na sauko masa da littattafansa daga kan kanta. Ya kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya ware na Malam Aƙilu, ya ware naka, ya ɗaure su da igiya, ya ce in ajiye a wurina sai ka zo. Na karɓa don ba ni da bakin ƙi. Suna nan ƙarƙashin gadona, ko kallon wajen ba na son yi. Ka zo ka mayar masa da su da hannunka.

Ka gaishe da Yaya Mariyamu, da Ummukulsum, da Ja'afaru, da auta Tani. Inna ta ce a gaishe ku duka, ta ce ita ba ta da abin faɗa sai addu'a. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka same shi.

Ni ce ƙanwarka,
Safiyatu.