Ranar da Ka Ji Ƙaurin Shinkafa

Zuwa ga inuwata a tsakar rana, ƙamshin ƙasata bayan ruwan fari, Baban yara, mai taurin kan da Allah Ya haɗa ni da shi,

Bayan gaisuwa, yara lafiya, sai dai Auta ta fasa madubin ɗaki, na kuwa hukunta ta. Sati uku ke nan da aikin fentin motocin nan ya kai ka nesa, gidan duk ya yi mini faɗi. Ka san ban iya zaƙin baki ba, faɗa na iya. To yau ka yi haƙuri ka karɓi duka biyun.

Wai kai wane irin mutum ne? Shekara da shekaru kana shaƙar fenti a gareji ba takunkumin rufe hanci, har hancinka ya mutu, ka kuma ɓoye mini! In shafa turare ka yaba, alhali ba abin da kake ji. Ƙarya ba kyau, ko da ta faranta ran mace ce. Da ban tarar da kai a kicin kana shan shayi gas na tsiyaya ba, da yanzu wa zan rubuta wa takarda?

Ka tuna bayanin likita, don ni na haddace shi kamar karatun jarrabawa. Can saman hanci akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu siraran gashi. Kowane ƙamshi burbushi ne da iska ke ɗaukowa, in ya dace da ƙwayar da ke jiransa, kamar mabuɗi da kwaɗo, sai ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Ya ce fenti ya ƙona naka, amma suna sake tohowa in an bar su sun huta. Tururuwa na gano sukari daga bayan kabad, kudan zuma na gano fure daga nesa, ni kuwa mijina ya kasa gano ni ina gefensa! Shi ya sa na tsare ka wata biyar, kullum da safe, da kwalabe huɗu: kanumfari, citta, ɓawon lemo da sabulu. Kana mita, ina cewa shaƙa.

Sai ranar nan da na tsaya duba aikin makarantar yara, na manta da tukunya. Daga falo ka ɗaga murya ka ce, “Maman yara, shinkafarki na ƙauri!” Wayyo Allah! Ni da ban taɓa ƙona abinci ba, na tsaya da ludayi ina hawaye ina dariya. Wace waƙa ce ta kai wannan tsegumi daɗi? Ko kukan tsuntsayen asuba bai kai shi ba.

Yanzu raina a kwance yake, abu ɗaya ne ya rage. Sababbin ƙwayoyin nan jarirai ne, ni na raine su. Ka sa takunkumi, ko da abokan aikinka za su mutu da dariya. Mutumin kirki ba ya wasa da amanar jikinsa.

Ga hankicina cikin ambulan, na goga masa ɗaya daga cikin huɗun nan, ba zan faɗa ba. Ka shaƙa ka rubuto mini. In ba ka ji komai ba, ka faɗi gaskiya, mu koma kan kwalabe daga farko, ko shekara nawa za mu yi.

Taka har numfashina na ƙarshe, mai faɗan nan da ba ta zuwa ko'ina,
Maman yara