Wayar da Ke Ƙarƙashin Geron Kawu

Litinin, 15 ga Yuli, 2024

Layin intanet ya ɗauke tun hantsi. Na duba wuta, na duba na'urori, duk lafiya. A ƙasa matsalar take. Wayar faiba ce ta haɗa tasharmu ta binciken gero a nan Bagwai da jami'a, daga can kuma zuwa sauran cibiyoyi. Hotunan gonakin gwaji da a da muke wuni muna turawa, yanzu kafin shayi ya huce sun isa. Don wayar nan aka ɗauke ni aiki. Yau ga ni zaune ina kallon jar fitila kamar mai jinya.

Talata, 16 ga Yuli

Dakta Hussaina, shugabar tashar, ta ce masu nazarin cutar ganye suna jiran hotunan bana, in damina ta wuce babu su za a cire mu daga haɗakar binciken. "Uwaisu, nemo min inda ta katse." Na'urar awo ta nuna nisan wurin. Na hau babur, na san hanyar sarai. Gonar Kawu Dallatu ce. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba.

Laraba, 17 ga Yuli

A gefen hanya aka binne wayar, ba a gonar kowa ba. To amma halin mutanenmu, kowace damina sai an ci hanya da kunya guda, a hankali, wai ba wanda ya gani. Kawu ya yi ta ci har ya hau kan wayar. Ruwa ya zaizaye ƙasar, garmar shanu ta tsinke ta wajen sake yi wa shuka huɗa shekaranjiya. Yanzu gero ne a kai, ya kai ƙugu, kore shar. Masu gyara sai sun haƙe ta sun sake binnewa da zurfi, kunyoyin bakin hanya duk za su tafi. A shekarar da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na ce wa Dakta ban gano ba tukuna. Ta dube ni ta saman tabarau.

Asabar, 20 ga Yuli

Na je gida da yamma. Na yi ta kewaye-kewaye, ruwan bana, tsadar taki. Shi ya katse ni. "Igiyarku ce, ko? Na ga wani baƙin abu a bakin garma, na mayar na rufe." Na ce Kawu, ai wurin hanya ne. Ya ce, "Hanya tana cin tuwo ne?" Na shiga bayanin hotuna da cutar ganye, wai amfanin na manoma ne. Ni kaina sai na ji muryata kamar ta mai tallar magani a kasuwar Ɗanbatta. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, ban san wanne ya fi ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na duba ko za a kewaya ta ɗaya gefen. Can ma Badaru, mai gonar tsallaken, ya ci hanyar. Kai, jama'a.

Litinin, 22 ga Yuli

Na faɗa wa Dakta.

Laraba, 24 ga Yuli

Kafin masu gyara su iso, Kawu ya riga ya sare geron da hannunsa, ya kwashe ya zuba wa shanu. Ya ce ba zai tsaya baƙo ya tattake masa shuka ba. Na gaishe shi, ya amsa wa wanda ke bayana. Da la'asar fitila ta koma koriya, hotuna suka tafi fuu, ofis ya kaure da murna. Ni dai na fita na wanke fuska.

Asabar, 3 ga Agusta

Yau ma na je gonar da fartanya da sassafe. Motsa jiki ne kawai, zaman kujera ya kama min baya. Tun ranar gyaran bai ce min uffan ba, sai yau: "Bar nan, kama ta can, ciyawa ta fi yawa." Ina duƙe Dakta ta kira, wai layi ya ɗan yi nauyi. Na ce ranki ya daɗe, ina zuwa, sai na gama gefen nan.