Gurar da Na Kafa a Bakin Zaren Gilashi

Assalamu alaikum, masu karatu. Don Allah ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku zarge ni, domin zuciyata ta riga ku.

Ni manomin albasa ne a wata fadama tsakanin Jega da Aliero. Shekarun baya wani injiniya ya zo da na'urar gwaji, wani zaren gilashi siriri kamar gashi, wanda haske ke bi ta cikinsa. Ya shimfiɗa shi cikin magudanar da ke shayar da gonakinmu, ya ce da shi zai auna saurin ruwa. In ruwan na da ƙarfi, za a ja magudanar har gonakin ƙasa, inda aminina yake noma. Ni injiniyan ya ba amanar wurin, ya roƙe ni kada kome ya tare ruwan.

To, na ga kifi na taruwa a wurin, sai na kafa gura, wato tarkon kifi, sama kaɗan da zaren, na tokare ta da duwatsu da ciyawa. Na ce a raina, me gura za ta rage wa ruwa? Ina cire ta duk ranar da zai zo. Ashe na'urar tana awo kullum, ko ba ya nan. Da ya ga awon ya yi ƙasa, ya dube ni ya ce, "Malam, ba wanda ya taɓa ruwan ga?" Na ce babu. Da bakin da nake karatun Alƙur'ani na faɗa.

Aka fasa aikin. Albasar aminina ta bushe, ya sayar da gonar, ya koma dako a kasuwar Jega. Kifin nan kuwa har gidansa na aika, iyalinsa suka ci suka sa mini albarka. Wace irin kunya ta fi wannan?

Yanzu yana kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa. Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Kowa na yahe ma, ban da injiniyan nan. Kai kuwa, kai nike so ka wanke ni."

In na faɗa masa gaskiya, zan sa wa kwanakinsa na ƙarshe ɗaci. In na yi shiru, zai tafi da ƙullin mutumin da bai yi masa kome ba, ni kuma in sa hannuna a gawarsa. Jama'a, me zan yi?