Tsohon Lasin Bindigata da Matar da Ba Zan Faɗi Sunanta Ba

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Mudir, shugaban sashen ma'aikata na gidan gwal ɗin da nake yi wa aiki a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Ni ne Bukari, mai rakiyar gwal daga wurin maƙera zuwa shaguna, wanda kuka karɓe wa bindiga yau mako uku. Sau biyu na rubuto maka da Larabci, kuma na ga takardun da idona a kan teburinka, an ɗora musu kofin shayi. Wannan karon da Hausa na rubuta, harshen da kakarka da tawa suka yi mana faɗa da shi. Na kuma bar wasiƙar a buɗe don mutanenmu su karanta, domin abin da na gani ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

1. Shekarata goma sha tara a wannan aiki. Ɗan ƙasa ne ni, a Sharafiyya aka haife ni, hukuma kuma ta ba ni lasin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye ƙarƙashin riga. Ban taɓa harba ta ba sai a filin gwaji. Ka san yadda muke yi, mu masu rakiya: kowa yana da falmaran da tela ya ɗinka wa aljihun ɓoye daga ciki, nan lasin ke kwana. Shekara shida da suka wuce, ana gab da azumi, maiɗakina ta tattara tsofaffin tufafi ta ba da sadaka, ashe har da tsohon falmarana, lasina na ciki. Lokacin ban san haka aka yi ba. Mun birkita gida kwana uku, har cikin buhun shinkafa na sa hannu. Daga baya na je na bayyana cewa ya ɓace, aka ba ni sabo, na sa hannu a takardar alkawari cewa duk ranar da tsohon ya fito zan mayar da shi. Na sa hannun ne ina dariya a zuciyata, don ban taɓa jin takardar da ta ɓace a Jidda ta dawo ba.

2. Ranar Juma'a, mako huɗu da suka wuce, na fito daga wani masallaci a Mahjar, inda na je ta'aziyyar wani abokin mahaifina. Ba masallacinmu ba ne, rabona da unguwar an fi shekara goma. Ina neman takalmina sai na ji an kira sunana cikakke, har da na uba da na kaka, yadda babu mai kirana sai ma'aikacin hukuma. Wata tsohuwa ce zaune gaban tulin gwanjo. Zan kira ta Iya, amma ba sunanta ba ne, kuma na sauya abin da ya kamata a sauya a labarin nan. Ta daɗe tana kallon girata ta hagu, inda nake da tabo tun ina yaro. Sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da leda, cikin ledar akwai ƙyalle, cikin ƙyallen akwai wata ledar. Lasina ne, ko kusurwarsa ba ta lanƙwashe ba.

Ranka ya daɗe, ni da nake tafiya da dukiyar mutane a jikina kullum gabana bai faɗi ba, ranar sai da na zauna a ƙasa.

3. Ga abin da ta gaya mini. A cikin dilar gwanjo falmaran ya zo hannunta. Tana wanke shi ta ji wani abu mai tauri, ta farke ɗinkin. Ba ta iya karatu ba, sai ta kai wa wani maƙwabcinta. Yana dubawa ya jefar da shi kamar ya taɓa garwashi, ya ce takardar bindiga ce, ta ƙone ta tun kafin ta jawo wa gidan gaba ɗaya bala'i. Ta tambaye shi me aka rubuta a can sama, ya ce Bismillah ce. Shi ke nan magana ta ƙare a wurinta. Takarda mai sunan Allah da fuskar ɗan wani, ba za ta sa ta a wuta ba, ba za ta jefa a shara ba. Ta sa ya maimaita mata sunana har ta haddace.

Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Umra ta zo ta zauna, kamar dubban mutanenmu, don haka ofishin 'yan sanda ba wurin zuwanta ba ne. Sai ta yi tunani irin nata: baƙin mutum mai irin wannan suna dole yana zuwa Juma'a. Tun daga ranar ta daina kasa kayanta a wuri ɗaya. Kowace Juma'a sai ta ɗauki tulinta zuwa ƙofar wani masallaci, ta zauna tana duban girar hagu ta duk wanda ya fito. Shekara shida. A hoton da ke jikin lasin, inda ta ga tabon, gemuna baƙi ne wuluk, yanzu rabinsa fari, ga tumbin da abincin maiɗakina ya yi mini, amma ta gane ni. Duk wannan lokaci tana wuce motocin kame da takardar bindigar wani ƙato a bakin zanenta. Ban san akwai irin waɗannan mutane a garin da aka haife ni ba, kuma na ji kunyar rashin sanin.

Na miƙa mata abin da ke aljihuna, ta ture hannuna. Abu ɗaya ta roƙa: in takardar ta isa inda ya kamata, in zo in gaya mata. Shekara huɗu ke nan 'ya'yanta suna aiko mata ta koma gida, gwiwoyinta sun gaji, akwai jikoki uku da ba ta taɓa gani ba. Ta ƙi tafiya da amanar wani a wuyanta.

4. Abokan aikina sun ba ni shawara mai sauƙi. Wani ya ce in sa almakashi, wani ya ce in jefa a teku, shi ke nan, wa ya sani? Gaskiyarsu, da na yi haka da yau ina bakin aikina. Amma da wane ido zan yanka abin da tsohuwa ta yi wa gadi shekara shida? Ranar Asabar na kawo maka shi da hannuna, tunda ta ofishinka takardunmu ke bi zuwa hukuma.

5. Nan ne kukana yake. Maimakon ka karɓa ka tura, sai ka zaro fom ɗin da ake cikewa in gwal ya ɓace, mai neman sunan wanda ya tsinta da adireshinsa da lambar iƙamarsa. Na ce ba zan cike ba. Ka ce to ana iya zaton ban taɓa ɓatar da shi ba, lasin biyu nake riƙewa. Ka sa aka kulle bindigata, ka zaunar da ni a bakin ƙofa ina buɗe wa masu sayen 'yan kunne. Tsohon lasin kuma yana cikin durowarka, bai je ko'ina ba. Sabon zai ƙare nan da wata guda, ba a sabunta shi sai da wasiƙar kamfani, in kuwa ya mutu aikina ya mutu tare da shi. Ina da 'ya'ya biyar. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Na sake karanta takardar alkawarin da na sa wa hannu. Cewa ta yi a mayar da tsohon. Ba ta ce a kawo wanda ya tsinta ba, fom ɗinka ne ya ce. Kai ma ka san abin da zai faru da mace marar iƙama in sunanta ya hau takarda ɗaya da kalmar bindiga. Ba jirgin gida za ta hau ba, ɗakin tambayoyi za ta shiga, kuma Allah kaɗai ya san ranar fitowarta. Alhaji, kakarka da tawa a ƙafa suka ratso Sudan, babu mai ko guntun takarda a cikinsu. Da wani ya rubuta sunayensu a fom, da ba ka zauna a wannan kujera ba, ni ma da ban tsaya a gabanka ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A tura tsohon lasin ga hukuma da bayanina ni kaɗai, duk tambayar da za a yi a yi mini, ina nan. A mayar mini da bindigata, a rubuta wasiƙar sabuntawa kafin wata ya ƙare. Na uku, wanda ya fi mini sauran: a ba ni 'yar takardar shaida cewa an karɓa. In ba za a iya ukun ba, a yi na farko da na ƙarshe, a riƙe aikin. Sunanta dai ba za ku ji shi daga bakina ba, ko yau ko gobe.

Juma'a uku ke nan ina zuwa ƙofar masallacin nan. Ta sayar da kayanta kaf, ta ɗaure jakarta, zuwa kawai take yi ta zauna a inda na same ta. Da ta hango ni sai ta dubi hannuna. Sau uku ina ce mata tukuna, ita kuma ta ce babu komai, ɗana, za ta jira. Jibi Juma'a ce, ranka ya daɗe. Me zan ce mata?

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya shirya maka zuriya, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka. In wani abu naka ya taɓa ɓacewa, Allah ya sa ya faɗa hannun irin Iya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Bukari, mai rakiyar gwal,
Sharafiyya, Jidda.