Tsarkin Tanki

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Na kira wayarka har na gaji, na san gonar raken nan taku ba sabis, shi ya sa na ba direban motar kamfaninku wannan takarda.

Yaya, Baba ya ƙi zuwa wankin ƙoda. Zuwa biyu ke nan ya tsallake, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga.

Motarka ce sanadi. Tun da ka juya ta ta koma shan man rake muke zuwa asibiti lafiya lau, ba layin gidan mai, ba komai. Sai ranar nan tela na ƙofar gida, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, ya leƙo ta taga yana dariya ya ce, "Baba, ka san dai motar nan giya take sha?" Wai wasa yake yi. Baba ya tambaye ni, ni kuma da wautata na tsaya yi masa bayanin cewa itanol sunansa, daga rake ake tatso shi bayan ya ruɓa ya yi tsami. Ina rufe baki ya buɗe ƙofa ya fita, ya rantse da Allah ba zai ƙara shiga motar da ke shan barasa ba.

Na tare masu haya. Duk wanda ya tsaya sai Baba ya tambaye shi me motarsa take sha, kuma ka fi kowa sanin amsar, tunda kusan duk motocin unguwar nan kai ka juya su. Babur kuwa ba zai iya zama a kai ba. Na yi kuka, na yi lallashi, na turo masa aminansa, ko gezau. Ina jin tsoro, Yaya. Ka zo, ko ka gaya mini yadda zan yi.

Taka ƙanwa,
Auta

Auta,

Na samu takardarki, na gode. Ki gaishe da Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ke ma dai da dogon bayani. Wa ya aike ki faɗin ruɓa da tsami? Ba zan iya tahowa yanzu ba, manyan motocin kamfani duk na kwance su a fili, in na tafi na bar su haka ba zan dawo na tarar da aikin ba. Amma maganar ba ta kai ta kuka ba. Abin da na yi wa motar nan, na canja tiyon mai da fanfo saboda man rake yana cin roba, na sa nozul masu faɗi, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, na ɗaura na'urar da ke gane irin man da aka zuba. Wato ba ta manta fetur ba, duka biyun take sha. Ki bar wanda ke ciki ya kusa ƙarewa, ki nemi fetur ko a galan ne, ki zuba a gaban idonsa. Shi ke nan, mota ta tuba.

Ki gaya masa kuma man nan ba ya shayuwa, an gauraya shi da fetur. Tela kuwa ki bar ni da shi.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini tun kafin ka karanta.

Na yi yadda ka ce. Na sha yawo kafin na samu fetur, na kawo, na nuna wa Baba. Ya shinshina galan ɗin, ya yarda. Har na fara murna, sai ya ce in kwano ya taɓa najasa, ai ba a zuba abinci a ciki sai an wanke. Ya ce sai an yi wa tankin tsarki.

Na san za ka ce ina hankalina yake. Yaya, da ka ga yadda yake numfashi a zaune, yana jan iska kamar mai hawan bene, ko teku ya ce a zuba, da ka zuba. Na ce a raina ruwa kaɗan ne, zan zuƙe shi da tiyo. Na zuba buta guda, na jijjiga motar, na zuƙe abin da zai zuƙu, sannan na juye fetur. Baba ya sa hularsa, ya shiga da bismillah, har yana sa mini albarka.

Ko kwanar layinmu ba mu sha ba ta fara tari, ta yi jijjiga, ta mutu. Na murza makulli har batir ya sauka. Makaniken bakin titi ya ce sauran man raken da ke ciki ya haɗiye ruwan ya kwanta a gindin tanki, fanfo kuma shi ya fara zuƙa, sai an sauke tankin gaba ɗaya. Yana magana yana danne dariya. Ni ban ga abin dariya ba, don a lokacin kan Baba ya langaɓe a jikin gilashi, ina kiransa ba ya amsawa sosai.

Tela ne ya bar ɗinkinsa a guje ya taro mota. Muka ɗauki Baba muka sa a baya. Ban tambayi direban me take sha ba, na sani sarai, ƙamshin ya cika motar. Yanzu muna asibiti, an sa masa na'ura, likita ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba. Sun ce sai an ga yadda zai farka.

Na kashe maka mota, na karya wa Baba rantsuwa bai sani ba, kuma in ya farka ban san da wane baki zan gaya masa ba. In kuma bai farka ba, Yaya, ni na zuba ruwan nan. Don Allah ka bar motocin mutane ka zo.

Auta

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama da fatan alheri. Auta ce ke rubutawa, ni ke faɗa.

Na farka, alhamdulillahi. Da safe ma'aikaciyar jinya ta zo sa mini allura, ta goge hannuna da auduga kamar kullum. Na ji ƙamshin, na tambaye ta mene ne. Ta ce sifirit ne, da shi da abin da motoci suke sha yanzu uwarsu ɗaya. Ashe tun da na fara wankin nan da shi ake goge ni, ina tashi in yi sallata.

Na kuma san motar da ta kawo ni, tela ba ya iya riƙe magana. Rantsuwa ni na yi ta, ni zan yi kaffararta. Kai ka zo da kayan aikinka ka sauke tankin, jibi ina da wanki.

Kada ka yi wa yarinyar nan faɗa. Ita ta zuba ruwan, amma ni na riƙe mata mazurari.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka