Man Jirgin Alhaji

Panshekara, Kano
6 ga Maris, 1989

Zuwa ga matata Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Uwani. Yaya ƙarfin jiki, yaya wanka? Ki gaishe mini da Baba da Inna ƙwarai. Ɗakin nan ya yi mini girma tun da kika tafi.

Saƙonki ya iso, na ji Baba ya cire injin kwalekwalensa ya koma tuƙi da filafili. Abin ya dame ni. Ai tun da gwamnati ta raba kuɗin fetur gida biyu, motocin haya kwabo arba'in da biyu lita ɗaya, na masu motar kansu sittin, na yi zaton mai tsallakar da 'yan kasuwa a madatsar ruwan Tiga yana cikin 'yan haya. Ashe a gidan mai cewa suke duk wanda ya zo da jarka ba ɗan haya ba ne. Mutum mai shekarun Baba da filafili!

A nan kamfanin fata na Challawa kuma wani aiki ya ƙaru mini. Manajanmu, Alhaji Uba, ya sayi ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, fari fat, ya ajiye a Tiga. Tunda bas ɗin ma'aikata da nake ja an yi mata rajistar haya, sai ya ce in riƙa cika ta a layin 'yan haya, in na dawo in zuƙe da tiyo in zuba a jarkoki saboda jirgin. Raina bai so ba, amma haka nake yi. Ranar Lahadi ni zan kai masa man can. In na samu sarari zan leƙo ku.

Naki,
Lawan

Panshekara, Kano
14 ga Maris, 1989

Kulu,

Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya, musamman Baba. Na san kin yi ta zuba ido ranar Lahadi. Na zo Tiga, amma ba ni da fuskar shigowa gidanku. Kada ki bari wani ya karanta wannan takarda.

Da na sauke jarkokin sai Alhaji ya ce in shiga jirgin, in man ya yi ƙasa in ƙara. Aka ba ni wata riga ja mai hana nutsewa. Ba zan ɓoye miki ba, da farko daɗi na ji, har ina tunanin yadda zan ba ki labari.

Muna cikin gudu muka hango kwalekwale ya doshi gaɓa, cike da mata da buhuna. Wani abokin Alhaji ya ce a matsa kusa ya ɗauki hoto. Jirgin ya zagaya su da ƙarfi, igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen, ya karkata ya kife. Allah ya sa wurin ba zurfi, ruwa iya ƙirji. Mata na salati, garin tuwon wata ya bi ruwa, buhun shinkafa ya nutse. Mai tuƙin ya miƙe ba hula, yana tallabe da wata tsohuwa. Baba ne, Kulu.

Ya dube ni, na dube shi, ga jarka a tsakanin ƙafafuna. Alhaji ya lura, ya ce, “Lawan, ka san su ne?” Sai na ji bakina ya ce, “A'a ranka ya daɗe, mutanen ƙauyen nan ne.” Tsakaninmu da Baba bai fi faɗin tsakar gida ba, kuma an kashe inji. Ya ji. Ya juya ya ci gaba da fitar da tsohuwar. Alhaji ya ɗaga musu hannu ya ce a yi haƙuri, aka tayar da jirgi.

Mutumin da ya ba ni ke, bai tambaye ni ko ina da ɗaki ba. In Baba ya ce ba za ki dawo ba, ba ni da ta cewa.

Lawan

Panshekara, Kano
27 ga Maris, 1989

Zuwa ga Kulu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce zazzaɓin Baba ya sauka, kuma Uwani ta fara murmushi.

Amsarki ta fi mari zafi. Ashe Baba bai gaya wa kowa ba, cewa kawai ya yi wasu baƙi ne suka kifar da su, sai a takardata kika ji. Kin ce kin yi kwanaki ba kya son jin sunana. Ban ga laifinki ba.

Ranar Alhamis Alhaji ya aiko a cika jarkoki. Na je ofis na ce masa mai kwalekwalen nan surukina ne, kuma ba zan ƙara zuƙar man ba. Kada ki ɗauka wata jarumta na yi. Ya ce me ya hana ni faɗa tun a can? An karɓi makullin bas, an mayar da ni wajen lodin ɗanyar fata. Wani direban ya ci gaba da cika jarkokin, jirgi kuma ya fita ranar Lahadi kamar kullum.

Kin rubuta cewa da kika tayar wa Baba da maganar, abin da ya ce kawai shi ne in zan zo in sauka ta gaɓar Rurum, shi zai tsallako da ni da kansa. Na kwana biyu ina juya wannan magana. Zan zauna a gabansa tun daga wannan gaɓa har waccan, ba inji, ba inda zan kai idona. Na fi tsoron wannan a kan ofis ɗin Alhaji.

Ina nan tafe ranar Asabar da safe in Allah ya yarda. Ki roƙar mini shi ya taho da filafili biyu.

Mijinki,
Lawan